Yadda Masu Haƙar Kwal na Arewacin Faransa Suka Sake Jam'iyya

A zaɓen Nuwamba 1946 Jam'iyyar Kwaminisanci ta Faransa ta sami kashi 28 cikin ɗari na ƙuri'u, ta wuce kowace jam'iyya. A 2002 kuwa ɗan takararta na shugaban ƙasa, Robert Hue, bai kai kashi 4 ba, alhali Jean-Marie Le Pen na jam'iyyar Front National, mai ƙyamar baƙi, ya haye zagaye na biyu. Wanda ke son sanin dalilin wannan juyi sai ya dubi lardin Pas-de-Calais, ƙasar kwal.

A can, ramin kwal shi ne ginshiƙin zaman mutane. Tun 1946 ramukan suka koma hannun Gwamnati. Ma'aikaci na da gida da makamashi da magani ta dalilin aikinsa, ƙungiyar ƙwadago na tsaya masa, majalisar gari kuma tana hannun 'yan gurguzu ko 'yan kwaminisanci. Watau mutum yakan gaji jam'iyya kamar yadda ya gaji sana'ar ubansa.

Sa'an nan kwal ya fara ja da baya. A 1983 Gwamnatin François Mitterrand, wadda ma'aikata suka ɗora a kan mulki a 1981, ta koma ga tsuke bakin aljihu. A Disamba 1990 aka rufe ramin ƙarshe na yankin, a Oignies. Da rami ya mutu, ƙungiya ta yi rauni, gama wanda ba shi da aiki ba shi da yajin da zai yi.

Amma fa ba a dare ɗaya aka juya ba. Da yawa cikin tsofaffin ma'aikata sai suka daina jefa ƙuri'a kawai. 'Ya'yansu, waɗanda suka tashi ba rami ba ƙungiya, su ne suka fi ba Front National kunne, domin ta nuna musu waɗanda za su ɗora wa laifi: baƙi, da Tarayyar Turai, da manyan Paris. A 2014 garin Hénin-Beaumont, wanda ya daɗe a hannun 'yan gurguzu, ya zaɓi Steeve Briois na Front National magajin gari tun zagayen farko. A 2017 Marine Le Pen ta zama wakiliyar mazaɓar a Majalisar Ƙasa.

Ashe abin da ya riƙe mutanen nan ga jam'iyyarsu shi ne aiki da gida da zaman tare. Da waɗannan suka watse, aƙida kaɗai ta kasa riƙe su.