Naman Rago da Naman Kaza: Wanne Ya Fi Dacewa da Lafiyarku?

A Dogon Daji, Tambuwal, Kebbe da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya ku shiga gida ba ku tarar da tumaki a turke ko kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Rago na layya ne da suna, kaza kuma ta baƙo ce da mai jinya. Amma ranar da aka ce wa maigida yana da hawan jini, ko aka ce wa mai juna biyu jininta ya yi ƙasa, tambayar da ke biyo baya ita ce: wane nama zan ci, wanne zan bari?

Amsar a taƙaice ita ce, kowanne da inda ya fi ɗan'uwansa. Naman rago ya fi taimakawa wajen gina jini, naman kaza kuma ya fi sauƙi ga zuciya da jijiyoyin jini. Abin da ke raba gardama shi ne halin da jikinku yake ciki, ɓangaren naman da kuka ɗauka, da yadda aka dafa shi.

Abin da ke cikin kowanne

Alƙaluman da ke ƙasa na dafaffen nama ne mai nauyin giram 100, wato yanka ɗaya kamar girman tafin hannun babba ban da yatsu. Matsakaici ne, domin dabba ta fi dabba ƙiba.

- Tsokar rago da kitsenta: kalori kusan 290, furotin giram 25, kitse giram 21.
- Tsokar rago da aka yanke wa kitse: kalori kusan 205, furotin giram 28, kitse giram 9 zuwa 10.
- Cinyar kaza da fatarta: kalori kusan 245, furotin giram 25, kitse giram 15.
- Ƙirjin kaza ba fata: kalori kusan 165, furotin giram 31, kitse ƙasa da giram 4.

Ku lura da abu biyu. Na farko, wajen furotin, wato sinadarin da ke gina jiki da warkar da rauni, kusan kunnen doki suka yi. Na biyu, cinyar kaza da fatarta ta fi tsokar ragon da aka gyara kitse. Saboda haka cewa "kaza kawai nake ci" ba ya nufin mutum ya rage maiƙo, idan soyayya ce da fatarta.

Inda rago ya fi: gina jini

Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 domin ƙera jajayen ƙwayoyin jini. A giram 100 na naman rago akwai sinadarin ƙarfe kusan miligiram 2, ninki biyu na abin da ke cikin ƙirjin kaza. Tazarar ta fi faɗi a bitamin B12: naman rago yana da maikurogiram 2.5, wanda ya cika buƙatar babban mutum ta yini guda, kaza kuwa kusan 0.3 take da shi. Haka nan sinadarin zinki, mai ƙarfafa garkuwar jiki da taimaka wa girman yara, ya kai miligiram 4 zuwa 5 a naman rago, alhali a ƙirjin kaza miligiram 1 ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Jihar Sakkwato adadin matan ya haura kashi 70. Mai ciki tana buƙatar sinadarin ƙarfe kusan miligiram 27 a kullum, namiji baligi kuwa 8 sun ishe shi. Amma a gidaje da yawa, wanda ya fi ƙarancin buƙata shi ake zuba wa babbar tsoka.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin nama ya fi na hatsi da ganye saurin shiga jiki. Ƙari a kan haka, ɗan nama a cikin miya yana taimaka wa hanji ya tsotsi na wake, gero da zogale. Ke nan ko yanka biyu ne a tukunya, sun yi aiki. Tumatir ɗanye ko matsin lemun tsami suna ƙara taimakawa, shayi kuwa yana ragewa, don haka ku bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin abinci da shayi.

Inda kaza ta fi: zuciya da jijiyoyi

Kun san yadda romon rago ke daskarewa a kwano da safiyar hunturu, na kaza kuwa ya tsaya ruwa-ruwa. Wannan shi ne bambancin da ido ke gani. Sama da kashi 40 cikin 100 na kitsen rago irin mai daskarewa ne, na kaza kuwa kusan kashi 30. Yawan cin kitse mai daskarewa yana ɗaga mugun kolestarol a jini, wanda a hankali yake toshe jijiyoyi har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 22 ga mai cin kalori 2,000. Yanka ɗaya na rago da kitsensa yana ɗauke da kusan giram 9, na ƙirjin kaza kuwa giram 1. Yanka uku na balangu mai kitse sun riga sun ƙetare iyakar yinin.

Kaza ta kuma fi rago bitamin B3, wanda jiki ke amfani da shi wajen mayar da abinci kuzari.

Akwai kuma batun sankarar hanji. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jan nama, wato na shanu, tumaki da awaki, cikin abubuwan da ake kyautata zaton yawan cin su yana jawo wannan cuta. Naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya kuwa, ta ce an tabbatar da haɗarinsa. Naman kaza ba ya cikin wannan jeri. Shi ya sa masana ke cewa kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, kilishi kuma ya zama na marmari.

Ba duk rago ne ɗaya ba, haka ma kaza

Uda ko Balamin da aka turke wata da watanni ana ba shi dusa da harawa domin Babbar Sallah ya fi tunkiyar da ke bin garke kitse nesa ba kusa ba. Kazar gida mai yawon tsince-tsince ta fi ta gidan gona tauri, amma ta fi ta ƙarancin kitse. Mafi yawan kitsen kaza a fata yake da ƙarƙashinta, shi ya sa cire shi yake da sauƙi. Na rago kuwa har cikin tsoka yake shiga, musamman a haƙarƙari, ƙirji da wutsiya. Cinya ce ta fi ƙarancinsa.

Hanta: magani ce, amma da iyaka

Hantar rago da ta kaza duka sun ninka tsoka sinadarin ƙarfe sau da yawa, suna kuma cike da bitamin A da B12. Ɗan yanki sau ɗaya a mako yana da amfani ga yaro da mai ƙarancin jini. Sai dai bitamin A idan ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi, kuma giram 100 na hantar rago ya ninka iyakar da aka gindaya wa mai ciki a yini fiye da sau biyu. Mai ciki, musamman a wata ukun farko, ta bar hanta ta ci tsoka.

Wanne ya dace da wa?

Mai ciki da maijego: tsokar rago da ta dahu sosai tana da amfani, kaza ma haka. Naman suna haƙƙin maijego ne kafin kowa. Amma nama ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo. A kuma rage gishiri da kunun kanwa, domin suna tara ruwa a jiki su wahalar da zuciya bayan haihuwa.

Yara: daga wata shida, tare da nono, a fara ba su nama ko hanta da aka dafa aka daka laushi. Romo kaɗai bai isa ba, amfanin yana cikin tsokar.

Mai hawan jini, ciwon zuciya ko yawan kolestarol: kaza ba fata da kifi su zama na yau da kullum. Ba a hana ku rago ba, amma tsoka zalla, yanka ɗaya, sau ɗaya ko biyu a mako. Gishirin yini duka, har da na magi da yajin tsire, kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Mai ciwon suga: nama ba ya ɗaga suga kai tsaye kamar tuwo ko fura, amma ciwon suga yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, don haka ku bi tsarin masu hawan jini.

Mai ciwon ƙoda: yawan furotin, na rago ko na kaza, yana iya ƙara wa ƙoda nauyi. Likitanku ne zai ƙayyade muku adadi.

Mai ciwon gawut, wato kumburin gaɓa mai zafi da ya fi kama babban ɗan yatsan ƙafa: ku guji hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, ku rage jan nama.

Mai sikila: ku ci kowanne daidai gwargwado, amma kada ku sha maganin ƙarin sinadarin ƙarfe sai da gwaji da umarnin likita.

Yadda za ku dafa

- Ku yanke farin kitsen da ido ke gani, ku cire fatar kaza kafin ɗora tukunya.
- Farfesu da gashi sun fi suya. Idan romo ya huce, ku kwashe kitsen da ya taru a sama.
- A gashi, ku yanke wurin da ya ƙone ya yi baƙi.
- Ku ƙara albasa, tafarnuwa, citta, masoro da daddawa domin ku rage gishiri da magi.

Lokacin layya ne masu hawan jini da ciwon suga suka fi sakin layi, domin ana soya naman cikin kitsensa, ana ci safe da dare har makonni. Ku ware wa mara lafiya kasonsa na tsokar cinya tun kafin a fara suya, a dafa masa daban.

Tsafta da kariya

Ɗanyen naman kaza yana yawan ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke jawo gudawa da zazzaɓi. Ku dafa shi har ruwan da ke fita kusa da ƙashi ya zama fari, ba ja ba. Ku wanke hannu, wuƙa da faranti da sabulu kafin su taɓa abin da za a ci ɗanye. Naman ragon da bai dahu ba yana iya ɗaukar cutar da ke illata ɗan tayi, don haka mai ciki ta guji tsire ko balangun da cikinsa ke da ja. Dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye ba firji ba wuta, kuma a tafasa shi sosai kafin a sake ci. Dabba ko kazar da ta kwanta ciwo, kada a yi saurin yanka ta don gudun asara. A kira malamin dabbobi tukuna.

Yaushe za ku je asibiti?

Ku je a gwada jininku idan kuna fama da kasala, jiri, haki, bugun zuciya, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Ba kowane ƙarancin jini ne nama ke gyarawa ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, fitsarin jini da zubar jini duk suna jawo shi, kuma kowanne da maganinsa. Ana gwajin jini da awon hawan jini a manyan asibitocin Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe, idan kuma abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kada ku jira gari ya waye idan aka ga ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, kumburin jiki da haki ga maijego, ko gudawa da jini bayan cin nama. Idan za ku ga likita, ku faɗa masa gaskiyar abin da kuke ci a mako da yadda ake dafa shi, domin da wannan zai tsara muku abin da ya dace da jikinku da aljihunku.