Auren irin kuɓewa: yadda ake yi da abin da manomi zai lura da shi

Furen kuɓewa yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin yamma, kuma galibi shi ke yi wa kansa barbara. Shi ya sa irin gargajiya da manoma ke ajiyewa a yankuna irin su Orozo, a kan hanyar Karshi cikin Babban Birnin Tarayya, ke daɗewa bai sauya kama ba.

Auren iri kuwa aikin hannu ne. Masani yakan zaɓi iyaye biyu, ɗaya mai yawan 'ya'ya, ɗaya mai jure cuta. Da maraice sai ya cire sassan namiji daga tohon furen uwa tun bai buɗe ba, washegari da safe ya shafa masa garin furen uba, ya ɗaura alama. 'Ya'yan farko na wannan aure sukan fi iyayensu ƙarfi da saurin haihuwa, su fito bai ɗaya. Wahalar wannan aiki ce ke sa irin tsada.

Sai dai ƙarfin bai wuce zuriyar farko. Idan manomi ya ɗebi iri daga gonar ya sake shukawa, halayen sukan rarrabu: wata ta yi tsawo, wata ta gajarce, amfani ya ragu. Dole a sayi sabo kowace shuka.

Yawan 'ya'ya kaɗai bai isa mizani ba a ƙasar nan. Mai miya yauƙi take nema, mai shanya kuma yana son wadda za ta bushe ta daku ba tare da ta rasa yauƙin ba. Irin da aka ƙera don kasuwar Indiya, wadda ke kan gaba a duniya wajen noman kuɓewa, Najeriya na biye, yana iya burge ido ya kasa a tukunya, domin can soya ta aka fi yi.

Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ita ke da alhakin wannan bincike, kuma daga gare ta aka samu iri irin su NHAe47-4 da LD88. Waɗannan zaɓaɓɓun iri ne da ake iya ajiyewa, kamar Konni mai saurin nuna da aka tace daga kuɓewar gargajiya ta Nijar. Tantance irin da ake sayarwa kuwa yana hannun Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa da ke Sheda, Abuja.