Tánaiste: sunan mai jiran gado a ƙasar da babu sarki

Ƙasar Ayalan jamhuriya ce, amma mataimakin firaministanta ana kiransa Tánaiste, shi kuma firaministan Taoiseach. Kundin tsarin mulki na 1937 ne ya tono sunayen daga tsohuwar sarautar ƙasar. Taoiseach shugaban dangi ne, ba wani abu mai wuya. Tánaiste ne ke da labari.

Ma'anarsa "na biyu", wato wanda ake tsayarwa tun sarki yana da rai domin ya gaje shi. Ba dole ya zama ɗan sarki ba. Ƙani ma yana iya zama, haka ɗan baffa, muddin yana cikin derbfine, wato mazan da suka haɗa uban kaka ɗaya ta wajen uba. Wanda ya cancanci neman gadon kuma ana ce masa rígdamna, "abin da ake yin sarki da shi". Sunan nan bai yi wa kowa alkawarin komai ba; ya dai ce akwai kayan aiki, sauran ya rage ga ƙarfin mutum da magoya bayansa.

Tun da al'ada ta hana mai naƙasa hawa karaga, wasu sarakuna sukan ƙwaƙule idanun 'yan uwansu. Ba sai an zubar da jini ba, makaho ya riga ya fita daga sahu.

Ard rí, babban sarkin da ake jingina wa tudun Tara, suna ne da ya fi mulkinsa girma. Bayan mutuwar babban sarki Brian Boru a Clontarf a 1014, da yawa daga masu riƙe da sunan marubutan tarihi sun kira su rí co fressabra, sarki mai abokan hamayya.

Turawan Ingila, da suka saba ɗan fari ya gaji uba, sai suka ɗauki tsarin tánaiste rikici zalla. A 1542 Sarki Henry na 8 ya naɗa shugaban dangin O'Neill, Conn O'Neill, Earl na Tyrone, aka rubuta ɗansa Matthew a matsayin magaji. Shane O'Neill, wani ɗan Conn, ya ƙi, ya tsaya kan al'adar gida, kuma mutanensa suka kashe Matthew a 1558. Rikicin da Ingila ke zargin tsarin da shi, a nan takardarta ce ta haddasa shi. A 1608 kotu a Dublin ta soke gadon tánaiste baki ɗaya.