Bangaskiya

bangaskiya [bangàskiyā] *sn., mc.*, ba jam. Harɗaɗɗen suna: *ban* (bayarwa) + *gaskiya*.

1. Amincewa da maganar wani ko alkawarinsa. *Ba ni da ~ ga zancen dillali.*

2. (*Kir.*) Dogara ga Allah ta wurin Yesu Almasihu; hanyar karɓar ceto, wanda kyauta ce ta alheri (Afisawa 2:8). *An yi masa baftisma bayan ya shaida ~rsa a gaban ikilisiya.*

3. (*Kir.*) Jingina ga Ubangiji a harkar yau da kullum, cikin wadata ko tsanani. *Manomin Darini ya yi binnen gero da ~, tun ruwa bai sauka ba. ~ ce ta riƙe masu bi na Batsari da Safana sa'ad da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana noma. Zumuntar mata ta kwana addu'a da ~ saboda marar lafiya.*

4. Koyarwar da ikilisiya ta riƙe, aƙida. *Fasto na koya wa matasa tushen ~.*

5. Halin da ke bayyana a aiki (Yaƙub 2). *~rta ta sa ta auna wa gwauruwa tiyar dawa.*

*Dang.:* ba da gaskiya *fi.*, mai ~ (jam. masu ~), marar ~, ƙarancin ~, rashin ~.

*Kwat.:* imani, tawakkali (a bakin Musulmi), dogara, bege. *Kish.:* shakka.

*Bay.:* kalmar ta yaɗu ta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Ibraniyawa 11 ce surar da ta fi bayyana ta.