BABI NA BIYU: Daga Allo Zuwa Manhajar Hira: Tarihin Kayan Taimakon Malami a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin dalilin gudanar da wannan nazari da kuma farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne, domin a ga irin kayan taimakon da aka riƙa kai wa malami a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tun daga zamanin allo da tawada har zuwa bayyanar manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira. Abin da ake nufi da manhajar hira a nan shi ne tsarin kwamfuta wanda mutum kan rubuta masa tambaya a waya, ya ba shi amsa tamkar da mutum yake magana.

Dalilin wannan waiwaye shi ne, manhajar hira ba ita ce abu na farko da aka ce zai rage wa malami wahala ba. An faɗi haka a kan littafi, an faɗa a kan rediyo, an kuma faɗa a kan wayar salula. Babin zai nuna cewa a kowane zamani abubuwa uku ne suka riƙa tabbatar da amfanin kayan taimako ko rashin amfaninsa, wato harshen da ya zo da shi, da hanyar da zai bi ya isa ƙauye, da kuma ilimin malamin da zai riƙe shi.

2.1 Yanayin Yankin

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina ne, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, ita kuwa Sabuwa ta yi iyaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Yanki ne mai ruwan sama da albarkar noma, inda ake samun masara da dawa da auduga da waken suya. An san Ƙanƙara da farar ƙasa, an kuma san Sheme ta ƙasar Faskari da kasuwar dabbobi.

Abin lura ga wannan nazari shi ne, yawancin jama'ar yankin suna zaune ne a ƙauyuka da unguwanni da ke warwatse, nesa da birnin Katsina inda Ma'aikatar Ilimi take. Saboda haka duk abin da aka tsara wa malami a hedikwata, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya shiga ajinsa.

2.2 Zamanin Allo da Tawada

Tun kafin zuwan Turawa wannan yanki ya san ilimi. Garin 'Yandoto, wanda a yanzu yake kusa da Tsafe a Jihar Zamfara, a da yana cikin ƙasar Katsina ne, kuma ya shahara da malamai tun kafin jihadin 1804. Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin irin waɗannan garuruwa na kudancin Katsina a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981.

Kayan aikin malamin allo ba su da yawa, kuma duk a gida ake samun su: allon itace, da alƙalamin gamba, da tawadar da ake haɗawa da ƙaro. Babban mataimakinsa kuwa mutum ne, wato gardi, wanda kan rubuta wa ƙananan almajirai allo ya kuma biya musu karatu. Amma akwai wata ƙa'ida da ba a ƙetarewa. Almajiri ba ya wanke allonsa sai an saurari karatunsa an tabbatar ya zauna, kuma in gardi ya yi kuskure a rubutu, malam ne zai gyara. Ke nan an yarda mataimaki ya ɗauke wa malam wani aiki, amma alhakin ingancin karatu yana wuyan malam. Za a sake komawa ga wannan ƙa'ida a ƙarshen babin.

2.3 Zuwan Boko da Littattafan Hausa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Da aka ga babu isassun malamai, sai aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma ainihin manufarta ita ce horar da malamai. Matsala ta biyu ita ce rashin abin karantawa. Wannan ya sa aka kafa Hukumar Fassara, wadda a 1933 ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East.

A nan ne Abubakar Imam, wanda shi kansa ɗalibin Kwalejin Katsina ne kuma malami a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Magana Jari Ce domin amfanin makarantu, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, sannan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ɗimbin ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci.

Waɗannan littattafai sun karɓu ne saboda masu harshen ne suka rubuta da yawa daga cikinsu, kuma malami bai buƙatar ya fassara wa yaro kafin ya fahimta. Illa dai makarantun elementare na wancan lokaci 'yan kaɗan ne, galibi a garuruwan hakimai. An warware matsalar harshe, amma matsalar isa ƙauye tana nan.

2.4 Shirin UPE da Koyarwa Daga Nesa

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Makaranta ta isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba, amma da yawa daga waɗanda aka ɗauka su koyar ba su da takardar malanta. Don haka a wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, domin ta horar da malami yana bakin aikinsa, ta hanyar littattafan darussa da haɗuwa a cibiyoyin karatu. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 kuma ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a ajujuwan farko na firamare.

Rediyo ma ya taka rawa, domin gidan Rediyon Kaduna yakan watsa shirye-shiryen makarantu. Rediyo ya fi littafi saurin isa ƙauye, sai dai ba a iya tsayar da shi a yi masa tambaya, kuma lokacin shirin ba lallai ya dace da lokacin darasi ba.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, littattafai suka yi tsada, albashi ya riƙa makara. An kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya gaji wannan matsala ta yawan ɗalibai da ƙarancin ƙwararrun malamai.

2.5 Wayar Salula da Shekarun Rashin Tsaro

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da shirin horar da malamai na TDP da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara da jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara. A cikin shirin an ba malamai jagororin darussa da wayoyi masu ɗauke da bidiyo na misalin koyarwa, waɗanda ake kallo ko babu layin sadarwa. Haka kuma daga 2015 shirin RANA na UNICEF ya samar da littattafan koyon karatu da lissafi cikin Hausa a Katsina da Zamfara, tare da jagorar malami mai bayyana darasi mataki-mataki.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka koma ga darussan rediyo da talabijin. Ba a daɗe da komawa aji ba, a daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako 344 a ranar 17 ga watan, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. A 2021 gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan a watan Satumba aka katse layin sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sai a ƙarshen shekarar aka fara mayar da layin.

Wannan lamari yana da muhimmanci ga batun da ake nazari. A waɗancan watanni jagorar da aka buga a takarda ta ci gaba da aiki, bidiyon da ke cikin waya ma haka muddin akwai caji. Amma duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya cak.

2.6 Bayyanar Manhajar Hira

Tun a 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiro wata manhajar hira mai suna ELIZA a Amurka, amma ba ta wuce juya kalmomin mai tambaya ba. Sauyin gaske ya zo ne ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar cikin WhatsApp a Nijeriya, wanda ya sa duk malamin da ke da babbar waya da data ya sami damar gwada ta.

Yadda irin wannan manhaja take aiki shi ne, an horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Da haka take tsara shirin darasi, ko tambayoyin gwaji, ko sauƙaƙa bayani. Alal misali, malamin aji huɗu zai iya neman ta tsara masa tambayoyin lissafi goma a kan mudu da tiya da buhun masara. Ta fi rediyo ta wannan fuska, domin ana tambayar ta, ana kuma ce mata ta sake. Sai dai da yake hasashe take yi, takan kawo shekara ko suna ko amsar da ba daidai ba, cikin lafazi mai daɗi da nuna tabbaci.

An gwada ta a Afirka ta Yamma. A Saliyo, a 2023, an samar wa malamai wata manhaja mai suna TheTeacher.AI a kan WhatsApp, suka yi amfani da ita wajen shirya darasi da neman ƙarin bayani. A Jihar Edo, a tsakiyar 2024, an yi gwajin mako shida da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare a birnin Benin suka koyi Ingilishi da Microsoft Copilot, aka kuma ga ci gaba a sakamakonsu. Amma a can akwai ɗakin kwamfuta, darasin na Ingilishi ne, kuma malamai ne suka jagoranci kowane zama.

Ta fuskar harshe kuwa, rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Ingilishi, don haka Hausar waɗannan manhajoji takan fito da ƙirar jimlar Ingilishi, takan kuma yi kuskure a jinsi da haruffa masu lanƙwasa. A watan Satumba na 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wanda aka gina domin Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishin Nijeriya. Sai kuma a Nuwamba na wannan shekara Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa. Duk da haka yaron da ya shigo aji ɗaya a Sabuwa da Hausa yake shigowa, kuma da ita malami zai fara fahimtar da shi.

2.7 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa littattafan Zariya sun zo da harshen da ya dace amma ba su isa ko'ina ba. Rediyo ya isa ko'ina amma ba ya amsa tambaya. Manhajar hira tana amsa tambaya, sai dai Hausarta ba ta nuna ba tukuna, kuma tana buƙatar layi da caji da kuɗin data, abubuwan da shekarar 2021 ta nuna ana iya rasa su dare ɗaya a wannan yanki.

Sharaɗi na uku shi ya fi nauyi. Malamin da ya san darasinsa zai gane kuskuren manhaja ya gyara, wanda bai sani ba kuwa zai kwafe kuskuren a allo, yara sittin ko fiye su kwafe a littattafansu. Wannan ya sa ɗaukar malamai sama da 7,000 ta hanyar jarrabawa da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi a 2023 yake da alaƙa kai tsaye da batun. Matsayin da ya dace da manhajar hira shi ne na gardi a makarantar allo: ta rubuta, malam ya duba kafin a biya wa yara. Babi na gaba zai bayyana hanyoyin da aka bi wajen gudanar da wannan nazari.