Daga Love Canal zuwa Dokar 2002: Tarihin Tantance Kufan Masana'antu Kafin Gina Gidajen Talakawa a Amurka

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi yadda aka wajabta binciken ƙasa kafin a gina gidaje a kufan masana'antu da tsofaffin jujai a biranen Amurka. Ta nuna cewa dokar da aka kafa a 1980 don hukunta masu gurɓata ƙasa ta kori magina da bankuna daga waɗannan filaye, har sai da aka mayar da binciken ya zama garkuwa ga mai saye. Ta kuma nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi shan wahalar kura-kuran da aka yi a hanya.

1.0 Gabatarwa

A kowane babban birni, filin da ya fi araha yakan zama wanda wani ya riga ya ci moriyarsa ya watsar: kufan masana'anta, tsohon gidan mai, ko juji da aka rufe da ƙasa. Irin wannan fili yana kusa da hanya da ruwan famfo da wuraren aiki, saboda haka hukumomin da ke neman gina gidaje masu sauƙin kuɗi ba sa iya kauda kai daga gare shi. Sai dai arhar tasa takan ɓoye abin da aka binne a cikinsa.

2.0 Filin Dala Ɗaya

Love Canal wata mashigar ruwa ce da William T. Love ya fara haƙawa a birnin Niagara Falls na jihar Niyok a shekarun 1890, ya bar ta ba a gama ba. Daga 1942, kamfanin Hooker Chemical ya shafe kimanin shekara goma yana zuba sharar sinadarai a ramin, har ta kai kusan tan 21,000. A 1953 ya sayar wa hukumar makarantun birnin filin a kan dala ɗaya, tare da sharaɗin da ya ambaci sharar, ya kuma wanke kamfanin daga abin da ka biyo baya. Aka gina makarantar firamare, gidaje suka kewaye ta.

A ƙarshen shekarun 1970 sinadaran suka riƙa tsattsafowa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da farfajiyar gidaje. Mazauna unguwar, ƙarƙashin jagorancin Lois Gibbs, suka tada ƙayar baya. A watan Agusta na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka fara kwashe iyalai 239, daga bisani adadin ya kai wajen 900. Shirin farko ya dogara ne kan sayen gidaje daga hannun masu su. 'Yan hayar rukunin gidajen gwamnati na Griffon Manor, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, ba su da gidan da za a saya, sai da suka kafa tasu ƙungiyar kafin a saurare su.

3.0 Dokar da Ta Tsorata Magina

A watan Disamba na 1980 aka sa hannu kan dokar da aka fi sani da Superfund, da asusun dala biliyan 1.6. Dokar ta ɗora kuɗin tsabtace ƙasa a wuyan wanda ya gurɓata ta, har da wanda ya mallake ta a yanzu, ko da bai zubar da komai ba. Manufar ta yi kyau, amma magina suka ga cewa sayen kufai tamkar gadon bashin wani ne, suka koma gonakin bayan gari. Hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar Fleet Factors a 1990, wanda ya nuna cewa mai ba da rance ma zai iya shiga alhakin, ya sa bankuna suka ƙara ja da baya.

Dokar kuma ba ta ceci waɗanda aka riga aka zaunar ba. A New Orleans an gina Press Park da Gordon Plaza a kan tsohon jujin Agriculture Street, aka sayar wa baƙar fata masu ƙaramin ƙarfi. An saka wurin a jerin Superfund a 1994, amma sai a 2022 majalisar birnin ta ware dala miliyan 35 don sauya wa mazauna Gordon Plaza matsuguni.

4.0 Bincike Ya Zama Garkuwa

Gyaran ya zo daki-daki. Kwaskwarimar 1986 ta kare mai sayen da ya yi binciken da ya dace bai gano gurɓatar ba. A 1993 ƙungiyar ASTM ta fitar da ƙa'idar binciken mataki na farko: a duba takardun mallaka da tsofaffin taswirori da hotunan sama, a ziyarci filin, a tattauna da waɗanda suka san tarihinsa. Idan an ga alamar matsala, sai a shiga mataki na biyu, inda ake ɗibar ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kai ɗakin gwaji.

Dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Janairu na 2002 ta ƙarasa aikin. Ta ba da kariya ga wanda ya sayi fili yana sane da gurɓatarsa, muddin ya yi binciken kafin saye kuma ya bi sharuɗɗan kula da wurin, sannan ta tanadi tallafin tantancewa da tsabtacewa ga ƙananan hukumomi. Da can gano guba asara ce ga mai saye. Daga nan rashin bincike ne ya zama asara.

5.0 Kammalawa

Har yanzu akwai tarnaƙi biyu. Matakin tsabtar da ake buƙata don gidan zama ya fi na ma'ajiyar kaya tsanani, don yara suna wasa da ƙasa, kuma kuɗin kaiwa wannan mataki yakan fi ƙarfin aikin da hayarsa ba ta da yawa. Na biyu, idan fili ya tsabtata darajarsa takan tashi, haya ta biyo baya, waɗanda suka zauna da warin shekara da shekaru su rasa wurin zama. Unguwar Dudley ta Boston ta nuna wata mafita: ƙungiyar mazaunanta ta sami ikon karɓar filayen da aka watsar a 1988, ta riƙe su a matsayin amanar al'umma, ta yadda farashin gidajen da aka gina a kansu ba ya bin kasuwa. Bincike yana bayyana abin da ke cikin ƙasa, amma tsarin mallaka ne yake yanke wanda zai zauna a kanta bayan an tsabtace ta.