Bayan Duniya Ta Zama Kufai

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau hirarmu a kan wani nau'in labari ce wanda da yawanku kun san shi. Idan ka taɓa kallon Mad Max ko ka buga The Last of Us, to ka shiga wannan duniyar. Labari ne da ake buɗe shi bayan komai ya riga ya lalace: ba lantarki, ba gwamnati, ba waya, manyan birane sun zama kufai, 'yan tsirarun da suka rage suna faɗa a kan ruwa. Ba tashin ƙiyama ake nufi ba fa. Rana tana fitowa yadda ta saba, abin da ɗan Adam ya gina ne ya rushe. Tambayata ita ce, me ya sa mutum zai kashe kuɗinsa ya zauna kallon rushewar duniyarsa, har ya ji daɗi?

Mu koma 1815. A shekarar wani dutse mai suna Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya, tokarsa ta bazu a sama har ta rage hasken rana. Shekarar da ta biyo baya amfanin gona ya lalace a Turai, aka yi yunwa. A 1816 ɗin nan wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 18, Mary Shelley, tana zaune a bakin tafkin Janeba tare da Percy Shelley da mawaƙin nan Byron, ruwan sama ya hana su fita. A nan ta fara Frankenstein. Shekara goma bayan haka, a 1826, ta fitar da The Last Man, labarin annobar da ta cinye mutanen duniya a ƙarshen ƙarni na 21 har saura mutum ɗaya.

Ku duba halin da ta rubuta shi a ciki. Ta binne uku daga cikin 'ya'yanta huɗu, mijinta Percy ya nitse a teku a 1822, Byron ya mutu a Girka a 1824. Mutum ɗayan da ya rage a littafin, ita ce. Masu sharhi na zamanin suka yi mata dariya, littafin ya kwanta fiye da shekara ɗari, sai a 1965 aka farfaɗo da shi. Kun ga tun daga tushe wannan adabi da makoki aka fara shi.

A 1885 Richard Jefferies ya rubuta After London, inda Landan ta koma fadama mai guba. Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne The Scarlet Plague na Jack London, 1912. Annoba ta zo a 2013, labarin kuma yana gudana ne shekara 60 bayanta. Wani tsoho da a dā malamin jami'a ne yana yawo da jikokinsa sanye da fatun dabbobi, yana ba su labarin duniyar da ta wuce. Da ya ce musu wasu halittu ne da ido ba ya gani suka kashe mutane, sai yaran suka ɗauke shi mai ruɗin tsufa. Kai da kake karantawa ka san gaskiya tsohon yake faɗa, ƙwayoyin cuta yake nufi. Ga yaran kuwa, gatanan gatananku ce. A ganina a nan sihiri ya samu ƙofar shiga wannan adabi: ilimi idan ya rasa masu riƙe shi, almara yake komawa.

Sai 6 ga Agusta 1945, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, bayan kwana uku ta ƙara a Nagasaki. Kafin nan yawanci marubuci kan aro annoba ko wani abu daga sama. Yanzu mutum ya ƙera abin da hannunsa. Walter Miller sojan sama ne na Amurka, yana cikin waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a kan tsohon gidan ibadar Monte Cassino a Italiya a 1944, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. A 1959 ya fitar da A Canticle for Leibowitz. Bayan yaƙin nukiliya mutane sun fusata, suna ƙona littattafai suna kashe masu ilimi. Wasu 'yan zuhudun Kirista a hamada suka ɓoye 'yan takardun da suka tsira, suna kwafarsu da hannu ƙarni bayan ƙarni ba tare da sun fahimce su ba. Cikin abin da suka riƙe da girmamawa har da takardar cefane. Za ka yi dariya, daga baya kuma jikinka ya yi sanyi.

Daga nan masu labarin takobi da dodanni suka shigo. The Sword of Shannara na Terry Brooks, 1977, kana karantawa ka ɗauka wata duniya ce can daban, ashe tamu ce bayan yaƙe-yaƙe sun share ta, wasu halittun ciki ma jikokin mutane ne da siffarsu ta sauya. A Japan, Hayao Miyazaki ya yi Nausicaä, zane a 1982, fim a 1984: shekara dubu bayan rushewa, daji mai guba cike da manyan ƙwari yana cinye ƙasa. Kowa yana son ya ƙona dajin, sai yarinyar labarin ta gano cewa dajin tsarkake ƙasar da mutane suka gurɓata yake yi. Mad Max kuwa ya fito a 1979, 'yan shekaru bayan tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza Turawa. Mu da muka san kwana a layin mai, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To me ke jan mutane? Akwai daɗin sanin abin da mutanen labari ba su sani ba. Jarumi ya tsinci wani ƙarfe yana tsoronsa kamar layar aljanu, kai ka san batirin mota ne. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma ina jin matasa sun fi kowa gane shi. A duniyar da ta rushe ba a tambayar ɗan wane ne kai. Asusun banki ya mutu, "wa ka sani" ya mutu. Maƙeri da ungozoma da mai gyaran janareta su ne manya. Wanda ya gama karatu shekara biyar yana yawo da takardu a leda, idan ya ga an goge allo an ce kowa ya sake daga farko, dole wani wuri a ransa ya yi fari. Matsalar dai ita ce kowa yana ɗaukar kansa cikin waɗanda suka tsira. Ban taɓa jin wanda ya kalli irin fim ɗin nan ya ce shi ne gawar da ke gefen titi ba.

Wanda ya fara taɓo wannan da kyau shi ne W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fata na Amurka, a gajeren labarinsa The Comet na 1920. Jim ɗan aike ne a wani banki a New York. An tura shi can ƙarƙashin ƙasa, aikin da ba wanda yake so, tauraro mai wutsiya ya wuce, iskarsa ta kashe mutanen gari. Ya fito ya shiga gidan abincin da jiya ba za a sayar masa ba, ya ci. Ya haɗu da wata Baturiya 'yar masu kuɗi da ita ma ta tsira, suka ɗauka su kaɗai suka rage, a karo na farko ta gan shi a matsayin mutum. Sai ga ƙarar mota. Ashe New York ce kawai ta mutu. Mahaifinta ya iso da jama'a, nan take wasu suka fara maganar a rataye Jim. A ƙarshe matarsa ta ɓullo cikin taron, riƙe da gawar jaririnsu. Wato dawowar duniya ita ce bala'in Jim, kuma rushewarta ma ba kyauta ya same ta ba.

A kan wannan hanya Octavia Butler ta bi. Parable of the Sower ya fito a 1993, labarin yana farawa a 2024 a Kaliforniya: fari, tsadar ruwa, unguwanni a bayan katanga, 'yan sandan da sai ka biya su zo. Ba bam ko ɗaya, abubuwa ne ke lalacewa a hankali. Ta rasu a 2006, littafin bai shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times ba sai a 2020, ana tsakiyar korona.

Nnedi Okorafor kuma, wadda aka haifa a Amurka iyayenta 'yan ƙabilar Ibo, ita ta kawo labarin kusa da ƙofarmu. The Shadow Speaker na 2007 a Nijar yake gudana a shekarar 2070, bayan wasu bama-bamai sun sauya duniya sihiri ya dawo, jarumar wata yarinya ce mai jin maganar inuwa. Who Fears Death na 2010 kuma a Sudan ta nan gaba yake, inda tsofaffin kwamfutoci ke jibge a kogo, wata ƙabila tana neman shafe wata. Okorafor ta ce wani rahoton jarida a kan fyaɗen da aka yi wa mata a yaƙin Darfur yana cikin abin da ya tunzura ta. Littafin ya ci lambar World Fantasy a 2011. Shi ne zan ce ku nema, amma ku shirya, babinsa na farko-farko ba sa karantuwa da sauƙi.

Wanda ya riga ya karanta ya faɗa mana yadda ya gan shi.